Sayen littattafan labarai cikin zane ta intanet: Ina arahar take?

A shekarar 1938, santi 10 kacal ake sayar da fitowar farko ta mujallar Action Comics a Amurka, wadda a cikinta ne jarumin nan Superman ya fara bayyana. A watan Afrilun 2024 kuwa, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions ya sayar da kwafi guda na wannan mujalla a kan dala miliyan 6.

Irin wannan labari ne ke sa wasu ɗaukar littattafan labarai cikin zane tamkar wata kadara da za a saya a ajiye. To sai dai akasarin masu neman su ta intanet karatu ne ya kai su, kuma hanyar samun araha ga mai karatu ta sha bamban da ta mai tarawa.

Fitowar wata-wata ko kundi?

Manyan kamfanonin Amurka, wato Marvel da DC, kan fitar da labaransu ne gutsure-gutsure, a 'yar siririyar mujalla sau ɗaya a wata. A 'yan shekarun nan, farashin kowace fitowa kan kama daga dala 4 zuwa 5, alhali labarin da ke ciki bai cika wuce shafi 20 da 'yan kai ba.

Bayan wasu watanni sai a tattara fitowa biyar ko shida a buga su a kundi guda, wanda galibi farashinsa ba ya kai jimillar kuɗin mujallun. Ke nan mai haƙurin jira ya fi cin riba: ga labari ba yankewa, ga kuma babu tallace-tallace a tsakiyarsa. Shahararren labarin nan na Watchmen, wanda Alan Moore ya rubuta, Dave Gibbons ya zana, fitowa 12 ya yi tsakanin 1986 da 1987, amma a kundi guda mafi yawan jama'a suka karanta shi.

Wasu shagunan intanet na Amurka na yin ragi mai tsoka ga wanda ya yi oda tun kafin kundi ya fito. Akwai kuma kasuwar littattafan hannu a shafuka irin su eBay da AbeBooks, inda ya kamata mai saye ya nemi hotunan ainihin kwafin da za a aiko masa, ya kuma duba lambar ISBN don tabbatar da bugun da kuma harshen da aka yi shi.

A Faransa lamarin ya sha bamban. Wata doka ta shekarar 1981 ta hana yin ragin da ya wuce kashi 5 cikin 100 a kan sabon littafi, don haka mai neman Asterix ko Tintin da araha a can sai dai ya nufi na hannu.

Darasin shekarun 1990

Masu sayen sabbin mujallu da fatan za su yi tsada nan gaba suna da abin tunawa. A 1991, fitowar farko ta sabon jerin X-Men ta sayar da kwafi sama da miliyan 8, bayan an buga ta da bango iri biyar. Mutane sun yi ta saye suna adanawa cikin leda.

Abin da suka manta shi ne, ƙarancin abu ne ke sa shi tsada. Mujallun shekarun 1930 sun yi daraja ne saboda yara sun karanta sun yaga, an kuma zubar da akasarinsu. Abin da miliyoyin mutane suka adana kuwa ba zai taɓa yin wuyar samu ba. Kasuwar ta rushe, shaguna da dama suka rufe, kuma a watan Disambar 1996 kamfanin Marvel da kansa ya nemi kariyar kotu saboda bashi.

Tun shekarar 2000 wani kamfani mai suna CGC ke duba lafiyar tsofaffin mujallu, ya ba su maki daga 0.5 zuwa 10, sannan ya rufe su cikin roba. Wannan na da amfani ga mai tarawa, amma ga mai karatu asarar kuɗi ce, domin da zarar an fasa robar makin ya tashi aiki.

Karatu a waya da kwamfuta

Idan yawan karatu ake nema, babu abin da ya kai biyan kuɗin wata-wata araha. Marvel ya buɗe irin wannan tsari a 2007, wanda daga baya aka sa wa suna Marvel Unlimited. A 2024, da kimanin dala 10 a wata mutum zai iya karanta mujallu sama da 30,000, sai dai sabbin fitowa kan shiga ne bayan wata uku. Shi ma DC ya fito da nasa, DC Universe Infinite, a watan Janairun 2021.

Akwai ma na kyauta, kuma halastacce. A watan Janairun 2019 kamfanin Shueisha na Japan ya buɗe Manga Plus, inda ake karanta babi uku na farko da uku na baya-bayan nan na labarai irin su One Piece ba tare da biyan ko sisi ba. A Legas ma, kamfanin Comic Republic da Jide Martin ya kafa a 2013 ya yi suna ne ta hanyar sanya labaran jarumansa kyauta a intanet.

Inda gizo ke saƙa shi ne sayen kwafi ɗai-ɗai na karantawa a waya. Sau da yawa farashinsa daidai yake da na takarda a ranar fitowa, alhali abin da mutum ya biya izinin karatu ne kawai. Ba zai iya sayar da shi ba, ba kuma zai bar wa wani gado ba.

Lokacin da shafin JManga ya rufe a watan Mayun 2013, masu hulɗa da shi sun rasa littattafan da suka biya kuɗinsu. Masu amfani da ComiXology, wanda ya kasance kan gaba a wannan kasuwa, sun fi su sa'a. Amazon ya saye shi a 2014, ya mayar da shagonsa cikin nasa a 2022, sannan ya rufe manhajar a watan Disambar 2023. Littattafan sun koma manhajar Kindle, amma ba a nemi ra'ayin masu su ba. A watan Fabrairun 2025 kuma Amazon ya soke damar sauke littattafan Kindle zuwa kwamfuta domin a tura su ta waya mai USB.

A jihar Kalifoniya, wata doka da ta fara aiki a 2025 ta wajabta wa kamfanoni su bayyana wa mai saye cewa lasisi yake biya, ba mallaka ba.

Kuɗin aikowa

Ga mai saye daga nahiyar Afirka, farashin da ke jikin littafi rabin labari ne. Manyan kundaye masu kaurin bango kan wuce shafi 1,000, kuma da nauyi ake lissafin kuɗin dako, ta yadda ragin da aka samu kan narke kafin kaya su iso. Kamfanin Book Depository na Birtaniya, wanda ya shahara wajen aika littattafai kyauta zuwa ƙasashe da dama, ya rufe a watan Afrilun 2023, shekara 12 bayan Amazon ya saye shi.

Wata biyu bayan haka, a watan Yunin 2023, hukumomin Najeriya suka sakar wa kasuwa ƙayyade darajar Naira, lamarin da ya ninka abin da mai saye zai biya a kan duk wani littafi da aka sa wa farashi da dala. Masu haɗa oda da abokai, su raba kuɗin dako a tsakaninsu, su ne suka fi samun sauƙi, musamman idan sun zaɓi kundaye masu laushin bango.