Yadda manyan jami'o'i ke tace masu neman gurbi

Jami'o'in da ake rububinsu a Arewa, irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya, masu nemansu sun fi gurabensu yawa nesa ba kusa ba, don haka sai an tace. Matakin farko shi ne jarrabawar UTME ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978: darussa huɗu, Turanci dole, jimillar maki 400. Sai kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu. Bayan haka jami'a kan yi nata tantancewar, Post-UTME, ta haɗa makin.

Inda iyaye da yawa ke ruɗewa shi ne mafi ƙarancin makin da ake sanarwa duk shekara. Wannan izinin shiga layi ne kawai. Kowane kwas da nasa ma'auni, kuma likitanci da aikin lauya sun fi tsanani, domin hukumomin da ke kula da waɗannan sana'o'i ne ke ƙayyade adadin ɗaliban da jami'a za ta ɗauka. Shi ya sa mai maki 250 kan rasa likitanci, abokinsa mai 190 ya samu wani kwas.

A jami'o'in tarayya, ka'ida ta raba guraben uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, cikinsu har da Kano. Ke nan ɗalibi daga Kademi a ƙaramar hukumar Gaya ta jihar Kano, in ya zaɓi Bayero, ƙofa uku gare shi. In ya nufi Ibadan, ta tsakiyar ta rufe. Nan ne takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ke da ranarta, kuma ta fi tasiri a jami'o'in jiha kamar ta Aliko Dangote da ke Wudil. Ana sukar tsarin da cewa yana danne haziƙai daga Kudu, amma ɗan ƙauyen da bai taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, da wuya a ce filinsu ɗaya da ɗan makarantar kuɗi.

Tun 2017 duk gurbi sai ya bi ta manhajar CAPS ta JAMB, inda ɗalibi zai karɓa ko ya ƙi. Gurbin da bai bi ta can ba, hukumar ba ta san da zamansa ba, kuma matsalar kan fito lokacin tafiya bautar ƙasa.