Yadda Ake Zaɓen Ƙamus Mai Kyau

Bara, bayan an gama yankan shinkafa a garinmu Bakura, mahaifina ya kira ni ya danƙa mini kuɗi, ya ce, "Ungo, ka sayo littafin nan na Turanci da malaminku ya ce. Amma ka sani, ba ni da na sayen wani." Ranar Talata na shiga kasuwar Mafara, na tarar da wani mai baza littattafai a kan tabarma. Na ga wani ɗan ƙamus mai jan bango, ga araha, ga shi yana shiga aljihu. Ko buɗe shi ban yi ba na biya, canjin kuwa na sayi takalmi.

Ba a yi wata guda ba araha ta nuna mini halinta. Malam ya ba mu wani labari mu karanta a gida, inda aka ce manoma sun shuka shinkafa a kan "bank". Na duba ƙamusuna, ya ce banki. Na zauna ina mamakin yadda za a yi noma a inda ake ajiyar kuɗi, har na rubuta haka. Ashe gaɓar kogi ake nufi, irin wadda nake gani kullum a fadamarmu! Da aka gama yi mini dariya a aji, Malam ya karɓi ƙamusun ya jujjuya, ya ce, "Ba ƙarya ya yi maka ba, yaro. Rabin gaskiya ya gaya maka." Abin da ya koya mini ran nan shi nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu fid da kuɗin.

Da farko, kalma ɗaya ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Dubi "ci" a Hausa. Ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin jarrabawa, ana cin bashi, ana cin amana. Baƙon da ƙamusunsa ya ba shi ma'anar farko kaɗai, yaya zai yi in ya ji an ce wane ya ci sarauta? Haka Turanci yake, haka Larabci da Faransanci da Sifaniyanci. Saboda haka kafin ka biya, gwada ƙamusun da kalmar da ka riga ka sani sarai. In ya jera mata ma'anoni, kowace da jimlar misali, to, ka sami abokin tafiya. In kuwa kalma ɗaya ya ajiye gaban ɗaya ya wuce, mayar wa mai shi abinsa. Jimlar misali ita ce ke nuna maka inda kalma take zama da waɗanda take tafiya da su, abin da ake nema ke nan wajen rubuta insha'i.

Na biyu, ka san wa aka rubuta wa. Akwai ƙamus na 'yan gida, watau waɗanda aka haifa cikin harshen, akwai kuma na masu koyo. Na 'yan gida yakan bayyana kalma mai wuya da wadda ta fi ta wuya, ka yi ta yawo daga shafi zuwa shafi. Don maganin wannan ne Michael West da abokin aikinsa suka fito da nasu a 1935, suka yi dukan bayaninsu da kalmomi 1,490 masu sauƙi. A. S. Hornby kuma, wanda ya koyar da Turanci a Japan, shi ne tushen ƙamusun Oxford na masu koyo da aka buga a 1948, wanda har yanzu ake sabunta shi. Irin waɗannan su suka dace da mu.

Na uku, duba ta ina ya fuskanta. Na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci na Paul Newman da Roxana Ma Newman na 1977, duk daga Hausa suke tashi, suna taimakonka in za ka rubuta. Na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990 kuwa daga Turanci suke zuwa Hausa, don karatu. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 Hausa ce zalla. Kowanne da aikinsa, ba a noma da lauje.

Na ƙarshe, karanta sunan mawallafi da shekarar bugu, ka kuma bi shafuffuka ka tabbata babu wanda ya ɓace ko ya dushe, don jabu sun yi yawa. Ƙamusun cikin waya ma a yi masa wannan gwaji.

Malam ya ce kalmar ƙamus kanta daga sunan littafin Firuzabadi ta yaɗu, watau Alƙamusul Muhiɗ, wanda malamanmu na zaure suka sani, ma'anarta kuwa teku. Ni dai kududdufi na saya.

Da hutu na gaya wa Baba gaskiya, har da zancen takalmin. Ya yi shiru, can ya ce, "Da ka tambayi Malam tun farko, ai da ba a yi haka ba." Bai ƙara mini ko kwabo ba. Sai muka haɗa kuɗin abin da muka samu wajen aikin rani, ni da wani abokina ɗan Maradun, muka sayi na masu koyo guda ɗaya. Yana kwana akwatina mako guda, ya kwana nasa mako guda. Iyaye, in yaro ya zo neman kuɗin ƙamus, don Allah ku sa ya fara kawo sunan littafin a rubuce daga hannun malaminsa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.