Karaya, Ɗori da Abin da Ake Koya wa Ɗalibin Likita

Jita-jitar da ke cewa duk wanda aka kai asibiti da karaya sai an yanke masa ƙafa ta daɗe tana yawo a garuruwan Arewa, kuma ita ce ke sa dangi su ɗauki wanda babur ya kayar su zarce da shi gidan mai ɗori ba tare da sun leƙa ƙofar asibiti ba. Masu yaɗa ta sun ga waɗanda suka fito daga asibiti da dungu, wannan kam gaskiya ne, sai dai ba su lissafa kwanakin da ƙafar ta yi a ɗaure tamau da kara da tsumma, har ta yi baƙi ta fara wari, kafin a kawo ta gaban likita.

Duk da haka, ɗora laifin kacokan a kan masu ɗori bai yi adalci ba, domin makarantun likitanci ma suna da nasu kason. A shekarar 1998 wasu likitoci biyu, Freedman da Bernstein, suka yi wa sababbin likitoci 85 a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka jarrabawa mai tambayoyi 25 kan tushen ilimin ƙashi da gaɓoɓi da tsoka, sai 70 daga cikinsu suka faɗi. Idan haka ta faru a inda kayan koyarwa suka wadata, abin dubawa ne a Nijeriya, inda ɗalibi ke shafe shekara shida a makaranta amma zamansa a sashen ƙashi makonni ne ƙalilan a cikin darasin tiyata, kuma inda aka daɗe da manyan asibitocin ƙashi na tarayya uku kacal, wato na Igbobi a Legas, da na Inugu, da na Dala a Kano wanda aka buɗe a 1959. Mai karaya daga ƙauye ba ƙwararren Dala yake fara gani ba. Ƙaramin likitan da ke kwanan aiki a babban asibitin ƙaramar hukuma shi ne farkon wanda zai taɓa shi.

Abin da ya fi wuyar shiga kan ɗalibi, balle jama'ar gari, shi ne cewa sau da yawa ba ƙashin da ya karye ne ke cin gaɓa ba, kumburin da ke biyo baya ne. Tsokokin ƙauri da na hannu suna zaune ne a cikin ɗakuna waɗanda wani tantani mai tauri, wanda ba ya miƙewa, ya kewaye. Idan jini da ruwa suka taru a ciki bayan rauni, matsin yakan hau har ya danne ƙananan hanyoyin jini, tamkar zoben da ya maƙale a kumburarren yatsa, ko buhun da ake ta ɗura wa gero bayan an ɗinke bakinsa, ko kuwa kwalbatin lambu da aka toshe, ruwa na gudu a babban rafi amma albasar da ke ƙarshen fage tana bushewa. Wannan misali na ƙarshe shi ya fi kusa, saboda akan iya jin bugun jini a ƙafar alhali tsokar tana mutuwa, kuma likitan da aka koya wa dogaro da bugun jini kaɗai zai koma ya kwanta da kwanciyar hankali. Alamar da ta fi saurin bayyana ita ce zafin da ya zarce girman raunin, wanda ke tsananta idan aka miƙar da yatsun majinyacin a hankali. Cikin kimanin awa shida tsoka takan fara lalacewar da ba ta gyaruwa, don haka mataki na farko shi ne a kwance duk abin da aka ɗaure, ko karan mai ɗori ne ko filastar asibiti, in kuma matsin bai sauka ba a tsaga tantanin a ɗakin tiyata.

Irin wannan sani ba a allo yake samuwa ba, sai a bakin gado, inda malami zai kama hannun ɗalibi ya ɗora shi a kan ƙaurin da ya yi tauri kamar icce, ya sa shi ya naɗa filasta da kansa, ya kuma nuna masa yadda ake kallon tafiyar mutum tun daga bakin ƙofa. Hoton ƙashi, wanda ƙananan likitoci ke gaggawar rubutawa, ba ya nuna matsin tsoka, haka kuma yakan fito lafiya ƙalau a makon farko na ciwon da ƙwayoyin cuta ke haddasawa a cikin ƙashi, ciwon da ya yawaita ga yara masu sikila. Hukumomin da ke tsara manhaja sun fi son ƙirga sa'o'in lacca, domin su ne masu sauƙin rubutawa a rahoto, yayin da ɗalibai da yawa ke cunkushe a bayan malami guda, na baya ba ya ko hango ƙafar da ake magana a kanta.