Mai Busa Kilarinet Da Ciwon Muƙamuƙi

Duk wanda ya tashi a Zuru ya san badujala. Ƙasarmu ta yi suna wajen ba da 'ya'yanta aikin soja, shi ya sa yara da yawa tun suna ƙanana suke sha'awar fareti da bushe-bushe. A cikin kayan busa na badujalar soja da ta 'yan sanda, da na makarantun da suka yi sa'a, akwai wani baƙi dogo mai maɓallan ƙarfe, ana ce da shi kilarinet. Wani maƙerin kayan kiɗa na birnin Nuremberg a Jamus, Johann Christoph Denner, shi ake danganta wa ƙirƙiro shi wajen shekarar 1700. Muryarsa da daɗi, amma yana da wata wahala da 'yan kallo ba su gani, watau wahalar muƙamuƙi.

Ɗan'uwa, sa yatsanka a gaban kunnenka, ka buɗe baki ka rufe. Abin nan da ka ji yana motsi shi ne gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai. Guda biyu ne, dama da hagu, kuma tilas su motsa tare. A tsakanin ƙasusuwan akwai ɗan faifai mai taushi wanda ke hana su gogar juna. In faifan nan ya goce, ko naman da ke jan muƙamuƙi ya gaji, sai mutum ya riƙa jin ƙas-ƙas in yana tauna, ko ciwo a gefen fuska, ko ciwon kai. Wani ma bakin yakan ƙi buɗuwa sosai. Da yawa sukan zaci ciwon kunne ne, ba mamaki kuwa, domin likitan da ya yi fice wajen bayyana shi a 1934, James Costen na Amurka, likitan kunne ne da maƙogwaro.

To, ina ruwan kilarinet da wannan? Mu dubi algaita tukuna. Mai algaita yakan tura bakinta duka cikin bakinsa, leɓunansa su tokare da ɗan faifan da ke jikinta, ya cika kumatu da iska. Haƙoransa ba su cizon kome, kumatu ke shan wuya. Kilarinet kuwa ba haka yake ba. Haƙoran sama suna zaune a kan bakinsa, leɓen ƙasa ya rufe haƙoran ƙasa, sa'an nan ya tallafi wani siririn harshe na kara wanda iska ke kaɗawa ya ba da sauti. Muƙamuƙi zai tsaya wuri ɗaya, ba a buɗe ba, ba a rufe ba, har a gama waƙa. Ɗan koyo kuma in ya ga sautin sama ya ƙi fita, sai ya cije. A nan ɓarnar take. Aikin da ya kamata numfashi ya yi daga ciki, sai ya ɗora wa gaɓar da ba ta fi kan yatsa girma ba.

Wanda ciwon ya kama, likitan haƙori zai nufa. In abin ya yi tsanani akan tura mutum babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Galibi ba a yin tiyata. Akan ce ya hutar da baki, ya gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ya sha maganin rage zafi, ya kuma koyi motsa muƙamuƙi a hankali. Mai tauna haƙora cikin barci akan yi masa wata roba daidai haƙoransa, ya kwana da ita. Sai kuma abinci, wanda a ganina ya fi duka wuya ga ɗan makaranta. Ba rake, ba kilishi, ba aya, ba cingam, balle fasa ƙashi. Kunu da fate da tuwo mai laushi su ne abokansa.

Ko zai bar busa? Yayin da ciwon ke tashe, i, sai ya ajiye, kwana nawa kuwa likita ne zai faɗa. Ya kamata ma ya tafi da kilarinet ɗin asibiti, likita ya ga yadda yake kama shi da baki, don ba kowane likita ne ya taɓa riƙe shi ba. In an ba shi izini ya koma, kada ya fara da awa guda. Minti 10 ya isa, ya huta, ya sake. Harshen karan nan yana da lamba, daga 1 zuwa 5, kuma iyakar girman lamba iyakar taurinsa. Mai busa da lamba 3 ya sauko zuwa 2, zai ga sauti na fita ba da cizo ba. Akwai 'yar roba da ake manna wa bakin kilarinet inda haƙora ke zama, akwai kuma igiyar rataya a wuya mai ɗauke nauyinsa daga babban yatsa. Wasu malamai sukan sa ɗalibi ya rufe haƙoran sama ma da leɓe na ɗan lokaci. Da ya cije zai ji zafi, dole ya daina.

Abin tsoro shi ne ɓoyewa. Fareti ya matso, yaro yana gudun kada a ba wani wurinsa, sai ya yi shiru yana busa awa biyu a rana, ga tafiya, ga kai a miƙe, kowane taku yana girgiza abin a bakinsa. Ciwon da hutun makonni zai kwantar sai ya zama na watanni. Iyayenmu, in kun ga yaro mai son nama ya fara ture shi gefe, ko yana dafe gefen kunne bayan an tashi daga koyon fareti, ku tambaye shi. Malamin badujala kuma yana iya ba shi ganga ya riƙe a sahu har muƙamuƙin ya sake.