Daga Motar Kara Zuwa Gundam

Da an girbe dawa, kara ya zama na yara. A Kankiya da ƙauyukan Kusada za ka iske su a gindin darbejiya: a ɓare kara da haƙori, a yanka totuwar da tsohuwar reza, a soke ta da siraran ɓawon, su ne ƙusoshi. Taya kuwa daga tsinkakken silifa ake yanko ta. Kafin la'asar an gama gingimari har da madubin gefe, irin masu wucewa a hanyar Kano zuwa Katsina.

Irin wannan wasa shi Japanawa suka mayar da shi dukiya. A 1979 aka fara nuna Gundam, katun na Yoshiyuki Tomino, kan wani mutum-mutumin yaƙi mai tsawon mita 18 wanda matuƙi ke shiga cikinsa. Kunio Okawara ne ya zana shi, da gwiwa da kafaɗa masu lanƙwasa kamar injin gaske. Shirin bai samu karɓuwa ba da farko, aka tsayar da shi a kashi na 43. Sai a 1980 kamfanin Bandai ya fitar da ƙaramin samfurinsa na roba a kan yen 300, guntu-guntu, mai saye ya harhaɗa da kansa. An rage girmansa sau 144, bai kai kamu ɗaya ba. Kasuwa ta buɗe, har yau ba ta rufe ba.

A ganina yaron Kusada ya fi wahala, don shi ba shi da takardar bayanin harhaɗawa, idonsa ne ma'auni. Inda aka fi mu shi ne ajiya. Mujallu irin su Hobby Japan sun yi ta buga zane da hotunan abin da masu sha'awa suka ƙera, shi ya sa aikin shekara arba'in yana nan ana gani. Tamu motar kuwa kwana biyu take, akuya ta tauna ko ta tafi murhu.

Malaman firamare na Kankiya da Kusada, kakar bana ku sa yaran su zana motar a takarda kafin su yanka kara, ku ɗauki hotonta ku ajiye da sunan wanda ya ƙera.