Kafin Ka Kai Tsohuwar Mandolin Wurin Kafinta

A cikin kayan gwanjon da ake saukewa daga Turai da Amurka, tsakanin tsofaffin rediyo da kekunan ɗinki, akan tsinci mandolin jefi-jefi. Ƙaramar abar kiɗa ce mai tsirkiya takwas, bibbiyu a jere, wadda ta samu siffarta a birnin Napoli na Italiya a ƙarni na 18. Da yawansu ba suna, ba lamba. Abin da ya dame ni shi ne yadda masu saye ke yi da su.

Mutum ya biya kuɗinsa, ya ga itacen ya yi duhu, fentin ya tsattsage, sai ya zarce wurin kafinta ya ce a mai da masa ita sabuwa. Shi kuwa kafinta abin da ya iya zai yi. Ya sa sanfefa ya kankare fuskar har sai farin itace ya bayyana, ya lafta banish irin na kujera, ya ɓalle tsofaffin maɗauran tsirkiya ya jefa a shara don sun yi tsatsa, ya tura tsumma ciki ya goge guntuwar takardar da ta rage a manne. Sai bayan an gama wannan ɓarna mai ita zai fara yawo yana tambayar wa ya ƙera ta, shekararta nawa. Haba malam! Wa zai gaya maka? Ai amsar ce ka biya aka goge. Ko mandolin ɗin mai daraja ce, masu sayen kayan tarihi sun fi son ta da tsohon fentinta da tabonta, kuma da zarar an sake fenti farashinta ya faɗi.

Rashin suna ba abin mamaki ba ne. Daga 1880, lokacin da wata ƙungiyar makaɗa daga Sifen ta sauka a New York ta ɗauki hankalin jama'a, Amurkawa suka rungumi mandolin. Masana'antun Chicago irin su Lyon & Healy, daga baya Harmony da Regal, suka riƙa ƙera ta da yawan gaske suna ba shaguna da kamfanonin sayar da kaya ta gidan waya irin su Sears, sau da yawa ba tare da tambari ba. Haka aka yi a garin Markneukirchen na Jamus da Catania ta Italiya. Saboda haka mai neman sunan maƙeri ya rage buri. Galibi ƙasa da zamani ake iya ganowa.

Fara da bayanta. In ya yi tulluwa kamar rabin ƙwarya, an haɗa shi da siraran itatuwa, fuskar kuma ta ɗan karye a bayan jakin da tsirkiyoyi ke hawa, to salon Napoli ne. Ƙirga itatuwan: masu arha ba su da yawa, masu tsada sukan haura talatin. In kuwa fuska da baya an sassaƙa su ne suka yi ɗan tudu, wannan hanyar Orville Gibson ce na garin Kalamazoo, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1898. Ramuka biyu masu siffar harafin f a maimakon rami ɗaya sun shahara ne daga 1922, da ƙirar F-5 ta Lloyd Loar. Mai shafaffen baya ita ce ta fi yawa a cikin masu arha.

Sannan ka ɗauko tocila da ɗan ƙaramin madubi ka leƙa ciki. Duba guntun itacen da wuya ya shiga, domin nan kamfanin Gibson ya riƙa buga lamba. Duba ƙarƙashin fuskar, wani lokaci akwai rubutun fensir. Ƙarafan da ake zubarwa kuwa su ne manyan shaidu. Sukuru mai kan gicciye bai shigo ba sai tsakiyar shekarun 1930, don haka in ka gan shi, ko dai abar ba ta kai tsufan da dillali ya faɗa ba, ko an taɓa sauya ƙarfen. Murfin da ke rufe ƙarshen tsirkiyoyi yakan ɗauki kwanan watan rajista, wanda ke nuna ba a ƙera ta kafin lokacin ba. Sunan ƙasa ma yana magana: tun 1891 dokar Amurka ta wajabta rubuta ƙasar asali a kan kayan da aka shigo da su, kuma duk abin da aka rubuta Jamus ta Yamma a jikinsa tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi.

Ko ka ga takarda a ciki, kada ka yi saurin murna. An daɗe ana manna sunan gidan Vinaccia da na wasu manyan maƙeran Napoli a kan kayan da ba nasu ba. Takarda fes a cikin itacen da ya sha shekaru abar tuhuma ce.

Ɓarna ta biyu ita ce tsirkiya. Tsohuwa mai tulluwar baya ba a gina ta don jure nauyin tsirkiyar zamani mai kauri ba. Ka ɗaure ta tam, cikin ɗan lokaci wuya ya ɗago, fuska ta lotsa. Sai da mafi sirantar tsirkiya, kuma bayan wanda ya san aikin ya duba ta. A nan ƙasarmu ga hunturu: itacen da ya yi shekaru a ƙasa mai laima yana tsagewa in iska ta bushe, tsohon gam ɗin fata kuma zafi na sake shi. Kada a bar ta a mota, kada a rataye ta kusa da taga. Sassauta tsirkiyoyin ka ajiye ta cikin akwatinta.

Akwatin ma kada a yar, da duk wata takarda ko tsohon kwalin tsirkiya da ke ciki. Share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi kawai, ban da fetur, ban da kananzir, ban da ruwa. Ɗauki hoton gaba da baya da kai da maɗaurai da ciki, da hasken rana, ka auna tsawon tsirkiya daga saman wuya zuwa jaki, ka aika wa masanin tsofaffin kayan kiɗa. In wani ƙarfe ya faɗo da kansa, ƙulle shi a leda ka sa a akwatin.