Kunun Ot da Fici: Yadda Ake Dama Shi, da Abin da Gonarmu Ke Iya Maye Gurbinsa da Shi

A wani taron horar da matan manoma kan sarrafa hatsi, wata baiwar Allah ta tsayar da ni bayan an tashi, ta ciro gwangwani biyu daga cikin jakarta. Ɗaya na hatsin ot ne, wanda mutanenmu suka fi sani da sunan kamfanin Quaker, ɗayan kuwa na wasu 'ya'yan itace ne masu launin ƙwaiduwar ƙwai da ake kira fici. Maigidanta na fama da ciwon sukari, an kuma shawarce shi a asibiti da ya riƙa karya kumallo da ot. 'Yarta ce ta ce mata Turawa da fici suke haɗa shi. Ta ce, "Malama, kuɗin waɗannan biyun ya isa in sayi mudun acca da dama. Dole ne sai da su? In kuwa dole ne, ba za mu iya shuka abinmu ba?"

Tambayar tata ta cancanci amsa cikakkiya, domin gidaje da yawa sun shiga irin wannan hali, musamman a garuruwa.

Mene ne ot, me kuma ya sa likitoci ke yabon sa?

Ot hatsi ne na ƙasashen sanyi, dangin alkama da sha'ir. Rasha da Kanada su ne kan gaba wajen noma shi, sannan akwai Ostareliya da Folan da Finlan. Mafi yawansa dabbobi ake ciyarwa da shi, musamman dawaki, amma mutanen Sikotilan sun daɗe suna dama kunu da shi, kamar yadda muke yi da gero. Ya fi yawancin hatsi mai a jiki, saboda haka yana saurin yin ɗoyi idan an ɓarza shi aka ajiye. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni ke turara shi tukuna kafin su matse shi ya zama fale-fale. Wanda ke cikin gwangwani dai ya riga ya sha wuta sau ɗaya, shi ya sa ba ya ɗaukar lokaci a tukunya.

Duk wadda ta taɓa dama shi ta lura da wani ɗan yauƙi da yake yi, mai kama da na kuɓewa amma bai kai shi ba. To, a cikin wannan yauƙin amfanin yake. Wani sinadari ne da masana ke kira bita-gulukan, wanda ciki ba ya narkar da shi. Idan ya isa hanji sai ya yi kauri, ya rage saurin da sukari ke shiga jini bayan an ci abinci, ya kuma riƙe wani ɓangare na ruwan matsarmama ya fita da shi. Hanta kuwa da kitsen kolestirol take haɗa wannan ruwa, saboda haka sai ta jawo kitsen daga jini domin ta cike gurbin abin da ya fita. A shekarar 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kwalin ot cewa yana taimakawa wajen rage haɗarin ciwon zuciya, bisa sharaɗin mutum ya samu giram 3 na wannan sinadari a kowace rana. Hakan na bukatar kimanin giram 70 zuwa 80 na busasshen ot. Ke nan cokali biyu da ake barbaɗawa a cikin ruwan zafi sau ɗaya a mako ba zai yi wannan aiki ba.

Ya kamata a lura cewa ba duk ot ne ɗaya ba. Akwai ɓarzajje, wanda ke bukatar minti 20 zuwa 30 a wuta. Akwai fale-fale mai kauri, mai dahuwa cikin minti 5. Akwai kuma mai laushi ƙwarai wanda ruwan zafi kawai ake zuba masa. Na ƙarshen nan ya fi saurin narkewa a ciki, don haka ya fi saurin ɗaga sukarin jini, kuma sau da yawa an riga an zuba masa sukari tun daga kamfani. Mai ciwon sukari ya nemi mai kaurin, ya kuma sa a karanta masa abin da aka rubuta a jikin kwalin.

Fici da maganar shuka shi

Asalin fici ƙasar Sin ne, kuma har yau ita ke samar da fiye da rabin abin da duniya ke nomawa. Ɗan itace ne mai ruwa da ƙamshi, fatarsa na da ɗan gashi mai laushi, da ƙwallo ɗaya mai tauri a tsakiya. Bishiyar tana zubar da ganye ta kwanta barci a lokacin hunturu, kuma ba ta farkawa ta yi fure yadda ya kamata sai ta tara wasu sa'o'i na sanyin da bai wuce digiri 7 a ma'aunin Salshiyas ba. Yawancin ire-irenta na bukatar sa'o'i 600 zuwa 1,000 na irin wannan sanyi. Masu bincike a Jami'ar Fulorida ta Amurka sun fitar da waɗanda ke wadatuwa da sa'o'i 100 zuwa 300, kuma irin waɗannan ne ake shukawa a wurare masu ɗumi. To amma a kwarin Neja da na Binuwai, ko a tsakiyar hunturu, da wuya dare ya yi irin wannan sanyi. A ƙasar nan, in ban da tsaunukan Jos da na Mambila, babu inda zan ba manomi shawarar ya ko gwada. Wanda aka kawo wa dashen fici a Bida ko Lafiya ko Makurɗi aka ce ya saya, ya riƙe kuɗinsa. Bishiyar tana iya rayuwa ta yi ganye, amma jiran 'ya'ya zai yi tsawo. Ot ma haka ne: yana son sanyi da laima lokacin da yake cika ido, kuma ko an same shi, ɓare ƙaiƙayinsa da turara shi aikin inji ne da ba mu da shi a ƙauye.

Saboda haka ficin da ke iso mana mafi yawa na gwangwani ne, kuma a nan matsalar take. Ɗanyen fici ruwa ne kusan kashi 89 cikin ɗari, sukarinsa kaɗan ne. Na gwangwani kuwa galibi a cikin ruwan sukari mai kauri ake jiƙa shi. Na ga gidan da ake juye gwangwanin duka, har da ruwan, a kan kunun mai ciwon sukari, ana ganin gata ake yi masa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babban mutum, wato ƙaramin cokali 12, in ma da hali a tsaya a rabin haka. Wannan ga mai lafiya ke nan.

Yadda ake dama shi

Ga mutum ɗaya babba, a auni ot cikin gwangwanin madara ɗaya, da ruwa gwangwani biyu. Mai hali yana iya mayar da rabin ruwan madara. A ɗora ruwan da ɗan gishiri kaɗan, idan ya tafasa a zuba ot, a rage wuta, a riƙa juyawa da muciya ko ludayi na tsawon minti 5 har ya yi kauri. A sauke, a rufe minti 2. Idan fici ɗanye ne, a wanke, a tsaga a cire ƙwallon, a yanka ƙanana. Rabi a zuba a tukunya minti ɗaya kafin a sauke domin zaƙinsa ya ratsa kunun, sauran rabin a ɗora a kai lokacin sha. Idan na gwangwani ne, a tsiyaye ruwan sukarin a zubar, a ɗauraye yankakkun da ruwa mai tsabta, a ɗauki biyu ko uku kawai. Ragowar a juye a mazubi mai murfi a sa wuri mai sanyi, kada a bar shi a buɗaɗɗen gwangwani. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa kuwa ba a buɗe shi ma.

Ɗan garin citta ko kirfa na ƙara masa armashi har mutum ya manta da sukari. Ni dai ina ƙara cokali ɗaya na dakakkiyar soyayyar gyaɗa, domin hatsi da ɗan itace kaɗai ba sa riƙe cikin mai aikin ƙarfi zuwa azahar. A tsince gyaɗar da kyau, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta ƙanƙance, saboda gubar afalatoksin da ke lalata hanta, wadda suya ba ta kashe ta. Madarar shanu ɗanya a tafasa ta tukuna. Zuma kuma kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Haka nan kada a bar yara su fasa ƙwallon fici su ci abin da ke ciki, yana da guba irin ta ɗanyen rogo mai ɗaci.

Acca da mangwaro

Yanzu sai mu koma kan tambayar farko: dole ne sai da su? Ba dole ba ne. Abin da ya sa wannan karin kumallo ya yi kyau shi ne hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba, da ɗan itace a madadin sukari, da kuma saurin dahuwa. Manomin jihohin Filato da Nasarawa da Neja da Bauci da kudancin Kaduna yana da hatsin da ke dahuwa cikin minti 10 a rumbunsa, wato acca, da 'yar'uwarta iburu. Acca na fitowa a ƙasa mai tsakuwa da ta gaji, inda masara ba za ta yi ba, kuma wasu ire-irenta na nuna tun kafin sauran hatsi, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tana da sinadaran gina jiki biyu, metiyonin da sistin, waɗanda suka yi ƙaranci a wake, shi ya sa haɗa ta da wake ko waken suya ke da fa'ida. Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi ce aka ɗora wa alhakin bincike a kanta, kuma tana cikin hatsin da aka yi ta ambato a 2023, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa gero da danginsa.

Sai dai a faɗi gaskiya. Acca ba ta da yauƙin nan na ot da ke rage kolestirol. Wannan baiwa ce ta ot da sha'ir. Kuma maganar da ta yaɗu cewa acca maganin ciwon sukari ce, har mutum ya ci iya cikinsa, kuskure ne mai haɗari. Acca sitaci ce kamar sauran hatsi. Idan an surfa ta ta yi fari fat, yawancin dusar ta tafi, kuma kunu mai ruwa-ruwa ya fi saurin ɗaga sukarin jini a kan wanda aka dama da kauri. Mai wannan ciwo ya auna abin da zai sha, ya haɗa da gyaɗa ko ƙwai, ya ci gaba da shan maganinsa da gwajin jininsa.

Wajen ɗan itace kuwa, mu ne da riba. Giram 100 na fici na ɗauke da bitamin C kimanin miligiram 7, na mangwaro kimanin 36, na gwanda kimanin 60, gwaiba kuma ta haura 200. Mangwaro da gwanda na da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare idon yara. Bitamin C kuma na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi, saɓanin shayi da ke hana shi, don haka a jinkirta shayin zuwa bayan sa'a ɗaya. Mangwaro dai ya fi fici zaƙi, saboda haka ga maigidan waccan baiwar Allah, gwanda ko gwaiba na ce ta fi ba shi, mangwaro kuwa ɓari guda ya isa.

Wahalar acca ɗaya ce, yashi. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, kuma a ƙasa ake yawan sussuke ta. Uwargidan da ta ce sai da safe za ta rege, yara za su makara makaranta. Dabarar ita ce a rege mudu guda a ranar da ake da sarari, a sauya ruwa sau uku ko huɗu tsakanin ƙwarya biyu har yashin ya ƙare, a shanya a kan tsabtataccen zane ta bushe ƙayau, a zuba a mazubi mai murfi. Da safe gwangwanin madara ɗaya na acca da ruwa gwangwani biyar ko shida sun ishi mutum biyu ko uku. A zuba ta a tafasasshen ruwa a hankali ana juyawa don kada ta yi gudaji, a rage wuta, bayan minti 8 zuwa 10 a sauke, a yanka gwanda ko mangwaro a kai. Manomin da ke son accarsa ta yi daraja a kasuwa kuwa, ya sussuke ta a kan tamfol ko daɓen siminti, domin mai saye da haƙori yake gwada ta kafin ya yi ciniki.